Wane manifol ya dace da injin Chevrolet 350, kuma daga ina ake fara saiti?

Tambaya: Ina da a-kori-kura Chevrolet C10 ƙirar 1978, inji 350, giya otomatik TH350, giyar ƙafafun baya 3.08. Tof ɗin, wato kan silinda, na asali ne, amma an sa masa sabon kamshaf mai digiri 214. Wani ya yi mini tayin manifol Victor Jr. da kafireto Holley 750 mai famfon totur biyu, ya ce motar za ta tashi sama. In saya? In ba su ba, me zan ɗora, kuma yaya ake saitin?

Malam, kada ka saya. Kayan ba su da aibi, kayan tsere ne masu kyau, sai dai ba na motarka ba ne. In ka ɗora su za ka samu mota mai kasala wajen tashi, mai zuƙar fetur, mai baƙanta fulogi, kuma ƙarfin da aka yi maka alkawari yana can wani juyin da injinka ba zai taɓa kaiwa ba.

Fara da lissafin inda injin yake rayuwa. Ka ɗauki gudu a mil, ka ninka da lambar giyar baya, ka ninka da 336, ka raba da tsayin taya a inci. Kilomita 100 a awa mil 62 ne. Da giya 3.08 da taya mai inci 28, inji yana juyi kusan 2,300 a minti. A cikin gari kuwa tsakanin 1,000 da 2,500 yake kai-kawo. Kamfanin Edelbrock mai ƙera shi da kansa ya rubuta cewa Victor Jr. mai lamba 2975 aikinsa daga juyi 3,500 ne zuwa 8,000. Wato inda ya fara farkawa, motarka ta kusa canza giya. Tof ɗin shekarun 1970 irin mai lamba 333882, wanda za ka gani in ka cire murfin bawul, numfashinsa yakan ƙare kafin juyi 5,000, kuma matsin injin bai wuce 8.5 ba, sau da yawa ma bai kai ba in aka auna da gaske. Manifol ba ya ƙara wa inji abin da tof da kamshaf ba su ba shi ba.

Manifol, wato abin da yake raba iska da fetur daga kafireto zuwa silinda, iri biyu ne: mai ɗaki biyu, da mai ɗaki ɗaya irin Victor Jr., kuma bambancinsu a cikinsu yake. Ƙarƙashin kafireto akwai wani zaure, daga nan lunguna takwas suke tafiya zuwa silinda takwas. A mai ɗaki biyu, an raba zauren da katanga, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Jerin wutar wannan inji 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, sai aka ba ɗaki guda silinda 1, 4, 6 da 7, ɗayan kuma 8, 3, 5 da 2. Kowane ɗaki yana jin zuƙa sau ɗaya a kowane digiri 180 na juyin karanshaf, babu mai katse wa wani. Zauren ƙarami ne, lungunan dogaye ne kuma siriri, don haka iska tana gudu ko a ƙaramin juyi, zuƙar tana isa kafireto da ƙarfi, fetur ya watsu ya zama feshi. A mai ɗaki ɗaya, silinda takwas duka suna ja daga babban zaure ɗaya kowane digiri 90, lungunan gajeru ne masu faɗi. A juyi 7,000 wannan ni'ima ce. A juyi 1,500 iska tana tafiyar hawainiya, fetur ya sauka ya kwanta a ƙasan zaure, wasu silinda su ƙoshi wasu su kwana da yunwa. Lamba 5 da 7 maƙwabta ne kuma suna zuƙa a jere, a buɗaɗɗen zaure nan ne ƙwacen ya fi fitowa fili.

Abin da ya dace da motarka Edelbrock Performer ne mai lamba 2101, wanda yake aiki daga silo zuwa juyi 5,500. Performer RPM mai lamba 7101, daga 1,500 zuwa 6,500, shi ma mai ɗaki biyu ne amma ya fi tsayi da faɗin lungu, kuma shi zan ce ka saya in kana da niyyar canza tof nan gaba. Da tof ɗin da kake da shi yanzu ba za ka ji bambanci a ƙafarka ba. Ma'aunin da ake bi shi ne daɗewar buɗewar bawul da ake aunawa a ɗagawar inci 0.050: ƙasa da digiri 220, Performer, daga 220 zuwa wajen 235, RPM, sai ya haura 240, da matsi 10 ko fiye, da kwanbatar giya mai riƙewa zuwa juyi 3,000 da giyar baya 3.73 ko 4.10, sannan a yi maganar mai ɗaki ɗaya.

Kafin ka biya kuɗi ka duba abu uku. Na farko ramukan noti. Dangin injin ɗaya ne tun 1955, amma bakin tof ya canza sau biyu. Daga 1955 zuwa 1986 noti goma sha biyu ne. Daga 1987 zuwa 1995 goma sha biyun ne dai, amma huɗun tsakiya an karkata su zuwa digiri 72, kuma manifol 2104 ne nasu. Tof ɗin Vortec na 1996 zuwa sama, mai lamba da ta ƙare da 906 ko 062, noti takwas ne a tsaye, ƙofofin iskarsa sun fi tsayi, manifol ɗinsa 2116 ko 7116. Motar da ta haura shekara arba'in ta ga makanikai da yawa, kada ka yarda da shekarar da ke kan takarda, ka karanta lambar tof da idonka. Masu fafe ramin noti da fayil don tsohon manifol ya hau Vortec suna samun zaman noti amma ƙofofin ba sa haɗuwa, iska ta riƙa shiga ta sama.

Na biyu mazaunin kafireto. Rochester Quadrajet da motar ta zo da shi yana da ƙananan maƙogwaro biyu a gaba da manya biyu a baya. Holley da kafireton Edelbrock huɗun nasu kusan daidai suke. 2101 yana karɓar duka biyun, amma da Holley ko Edelbrock sai ka sa siririn faranti na ƙarfe a ƙarƙashi, in ba haka ba gefen gaskit yana rataye a iska ya riƙa shan iska. 7101 na masu maƙogwaro daidai ne kawai, mai Quadrajet sai ya nemi 7104. Na uku tsayi: a C10 akwai fili ƙarƙashin bonet, amma ka ɗora curin laka a kan murfin matatar iska, ka rufe bonet a hankali, ka buɗe ka auna. Ka bar aƙalla rabin inci, domin inji yana girgiza a kan kujerunsa.

Batun kafireto ma lissafi ne. Girman inji a inci, a ninka da juyi mafi yawa, a raba da 3,456. 350 sau 5,500 ya ba da 557, kuma injin titi ba ya cika silinda fiye da kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, don haka buƙatarka ba ta wuce 475 ba. Kafireto mai 600 ya isa har da saura: Holley 1850 ko Edelbrock 1406. Illar wanda aka yi maka tayi ba girmansa kaɗai ba ne. Maƙogwaronsa na baya ƙafarka ce take buɗe su kai tsaye, to in ka taka totur ƙasa a juyi 1,500 da mota mai nauyi, huɗun su wangale gaba ɗaya, zuƙa ta faɗi, inji ya shaƙe kafin ya farfaɗo. A 1850 iskar da injin yake ja ce take buɗe na baya, sai ya buƙata suke buɗewa. Kuma in Quadrajet ɗinka bai lalace ba, a ganina ka gyara shi ka ci gaba da shi. An ɓata masa suna ne saboda masu iya shi sun yi ƙaranci. Ƙananan maƙogwaronsa na gaba sun fi duka sauran tattalin mai. Cutarsa sananniya ce: sandar totur ta gaba takan cinye mazauninta ta riƙa shan iska, ana sa mata bushin tagulla ta dawo.

Wajen ɗorawa, ka juya inji har fistin na 1 ya kai ƙololuwa a bugun matsi, ka yi alama inda rotan dilko yake kallo, a jikin dilko da kuma jikin mota, sannan ka zare shi. Lamba 1 shi ne na gaba a gefen hagu in kana zaune a kujerar direba. Ka zubar da ruwan lagireto tukuna. Bayan cire tsohon manifol, ka shimfiɗa tsumma a kwarin tsakiyar inji, ka toshe ƙofofin tof kafin ka fara kankare tsohon gaskit. Ka aza sabon manifol a bushe a kan gaskit ka duba: ramukan noti su zauna a tsakiya, ratar gaba da ta baya ta zama daidai. In an taɓa rage fuskar tof ko ta bulok da yawa, manifol zai zauna a sama, ƙasan ƙofofin ba zai danne ba, inji ya riƙa zuƙar baƙin mai daga kwarin tsakiya. Wannan yoyon ba a ganinsa daga waje. Alamarsa fulogi mai maiƙo, hayaƙi shuɗi, da silon da ya ƙi saituwa.

Robobin nan biyu na gaba da baya da suke zuwa cikin kwalin gaskit, ka jefar da su, matsewa suke yi su zame. Ka goge wurin da tina har ya bushe, ka zuba silikon mai kaurin kwata na inci, wajen milimita 6, ya ɗan hau kan kunnuwan gaskit a kusurwa huɗu. Siririn shafi kuma a kewayen ƙofofin ruwa kawai. Kada silikon ya je kusa da ƙofar iska, fetur yana narkar da shi. Ka sauke manifol a miƙe, kada ka ja shi gaba ko baya. Notin tsakiya suna leƙa inda baƙin mai yake, don haka ka shafa wa zarensu abin toshe zare, in ba haka ba za ka riƙa ganin mai yana taruwa a kan manifol ka rasa daga ina. Ɗauri daga tsakiya zuwa waje, ana tsallakawa gefe zuwa gefe, a mataki biyu ko uku har fam-ƙafa 25, wato Nm 34. Na Vortec fam-ƙafa 11 ne kacal, Nm 15, wanda ya ɗaure shi kamar tsoho zai murƙushe gaskit. Bayan inji ya yi zafi ya huce, a sake bi. Ka canza baƙin mai kafin tashin farko, domin ruwa da datti ba sa rasa faɗawa ciki. In dilko ya ƙi zama ƙasa, sandar famfon baƙin mai ce ba ta shiga ba, ka juya ta da dogon sukudireba, kada ka danne shi da noti.

Akwai wata hanya a tsakiyar tof da take ratsa hayaƙin salansa ta ƙarƙashin kafireto don ɗumama shi. An yi ta ne don sanyin Amurka. A ƙasa mai zafi ita ce take tafasa fetur a cikin kafireto bayan ka kashe mota, ka dawo bayan minti goma ta ƙi tashi sai da dogon kiki da warin mai. Ka sayi gaskit mai toshe ta ko mai rage ta, ka sa abin tsakani na roba mai tauri ko katako, rabin inci, mai rami huɗu. Mai buɗaɗɗen rami ɗaya yana haɗe ɗakuna biyun da ka biya kuɗi don a raba. Sai dai in cok ɗinka irin mai jin zafin manifol ne, toshe hanyar zai hana shi buɗewa, sai ka koma na lantarki.

Yanzu saiti. Tayimin, wato lokacin da fulogi yake ba da wuta, shi ne farko, kafireto daga baya. Mafi yawan abin da ake ɗora wa kafireto laifin wuta ne, kuma duk jet, wato ƙaramin ramin da yake auna fetur a kafireto, da ka canza kafin tayimin ya zauna sai ka sake canza shi.

Ka fara tabbatar da alamar sifili, wadda take nuna fistin na 1 ya kai ƙololuwa. Fulin gaban karanshaf ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, in robar ta tsufa zoben waje yakan zame da alamar. Ka cire batir, ka ɗaura matokarar fistin a ramin fulogi na 1, ka juya inji da hannu har ya tokare, ka yi alama, ka juya baya har ya sake tokarewa, ka yi wata. Tsakiyar alamomin biyu shi ne sifili na gaskiya. In fitilar tayimin ɗinka ba mai lamba ba ce, ka auna digiri 36 a jikin fulin da tef: inci 2.5 a mai faɗin inci 8, inci 2.1 a mai inci 6 da kwata uku.

Dilkon motarka HEI ne, wanda GM, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, ya mayar na kowa daga 1975. Yana son wutar lantarki bolt 12 cikakke, da ratar fulogi inci 0.045. Ka cire tiyon bakyum daga dilko ka toshe shi. A silo ka sa digiri 12 zuwa 14 kafin ƙololuwa. Rota yana juyawa irin na agogo, don haka juya jikin dilko akasin agogo shi ne ƙara gaba. Sai ka ɗaga juyi a hankali kana kallo da fitila har alamar ta daina tafiya. Abin da ake nema jimilla 34 zuwa 36 da tsohon tof, wajen 32 da Vortec domin wutarsa ta fi saurin ci, kuma duk ya gama shigowa a juyi 3,000. Dilkon ƙarshen shekarun 1970 an yi masa saitin dokar hayaƙi ne, sifirin ɗinsa masu tauri, ba ya gamawa sai ya haura 4,000. Ka ɗaga rota, ka duba nauyayan nan biyu ba su ci tsatsa ba, ka sa sifirin matsakaita. Mafi laushi duka biyu kuskure ne, tayimin zai fara tafiya tun a silo, juyin ya riƙa hawa da sauka. Jimillar ita ce abin kiyayewa. In ka sa 14 ka ga jimilla ta kai 40, rage tafiyar nauyayan za ka yi, ba ka bar ta haka ba.

Sannan ka mayar da bakyum. Gwangwanin nan na gefen dilko mutane suna cire shi suna cewa kayan hayaƙi ne, alhali shi ne yake sa mota ta yi sanyi ta rage shan mai. A tafiyar totur kaɗan, cakuɗin da ke silinda siriri ne, yana ci a hankali, yana buƙatar a kunna shi da wuri. Ya ƙara digiri 10 zuwa 12, jimillar tafiya ta zama 44 zuwa 48. Na asali yakan ba da 20 ko fiye, to in ka gyara sifirin sai ka taƙaita shi, ko ka sayi mai saiti. Ni na fi son a haɗa shi da bakin da yake zuƙa ko a silo, wanda yake ƙasa da farantin totur: silo ya fi santsi, zafi ya fi sauka a cunkoso. Gwaji na ƙarshe a hanya ne. Inji da zafi, babbar giya, ka taka a hawa. In ka ji ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani lokacin da totur yake ƙasa, ka rage digiri 2 daga dilko. In a totur kaɗan kawai yake yi, gwangwanin bakyum za ka rage. Fetur ba ya zama iri ɗaya daga gidan mai zuwa wani, don haka ka bar wa kanka digiri biyu na rara.

Sai kafireto, kuma daga matsin mai ake farawa. Edelbrock ba ya son fiye da fam 6, 5.5 ya fi masa, Holley yana ɗaukar 5 zuwa 7. A Holley, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, inji yana silo, mai ya tsaya a ƙasan ramin dubawa na gefen kwano, in ka girgiza mota ya ɗan leƙo. A Edelbrock ana kifa murfin a auna inci 7/16, milimita 11, tsakanin gaskit da fulot. Sukurorin silo biyu ka shigar da su a hankali har su taɓa, ka dawo da su juyi ɗaya da rabi. Ka haɗa agogon bakyum, ka riƙa juya su kwata-kwata, duka biyun daidai, har allura ta kai mafi sama. Da kamshaf ɗinka ka sa ran inci 15 zuwa 18 da allura a tsaye. Silo 650 zuwa 700 a cikin giya. In sukurorin ba sa canza komai, totur ya buɗe da yawa: ka kifa kafireto ka duba siririyar tsagar da ke bangon maƙogwaro, abin da ya leƙo ƙasa da faranti ya zama kamar ɗan murabba'i, ba doguwar tsaga ba. Yawanci ƙarancin tayimin ne ya sa aka buɗe shi haka.

Shaƙewa lokacin taka totur iri biyu ce. In ya yi tari ta kafireto, mai ya yi kaɗan. In ya yi luƙus ya fitar da baƙin hayaƙi sannan ya tafi, ya yi yawa. A Holley ka tabbatar hannun famfon totur yana motsi da zarar totur ya motsa, ba rata ko kaɗan, kuma a cikakken totur ya rage masa inci 0.015 kafin ya ƙure. Bawul ɗin ƙarin mai da yake zuwa da shi 6.5 ne. Ƙa'idar ita ce kada lambarsa ta wuce rabin bakyum ɗin silo a cikin giya, don haka naka ba ya buƙatar canji. Idan ka rufe sukurorin silo ruf inji bai mutu ba, a tsohon Holley ka zargi wannan bawul, tari ɗaya yana fasa shi. Maƙogwaron baya kuma in kana jin lokacin da suka buɗe kamar an tunkuɗa ka, shaƙewa ce ka ji ta wuce, sifirin mai ɗan tauri za ka sa.

Jet ne ƙarshe, lamba biyu a lokaci guda, abu ɗaya a kowane gwaji, ka rubuta. Na'urar auna iskar salansa ta fi karatun fulogi nesa, tana nuna kason iska a kan kashi ɗaya na fetur: 13.5 zuwa 14 a silo, 14 zuwa 15 a tafiya, 12.5 zuwa 13 a cikakken totur. An saita kafireton ne don bakin teku, kuma Holley yana cewa a rage lamba ɗaya a kowace ƙafa 2,000 ta tudu. A Kano ba sai ka taɓa ba, a Jos mai tudun kusan mita 1,200 lamba biyu ƙasa.

Kada ka manta da giya. TH350 yana da tiyon bakyum da yake zuwa gefensa, dole ya samu cikakkiyar zuƙar manifol. In ka bar shi a cire ko ka haɗa shi da bakin da ba ya zuƙa a silo, giya za ta riƙa jinkirin canzawa tana bugawa. Wayarsa ta saukar da giya a saita ta da totur a wangale. In wata rana ka koma giyar 700R4, wayar da ke wurin ita take riƙe matsin man giya, kuma kafireton Holley ko Edelbrock yana buƙatar ƙarfen gyaran kusurwa na musamman a hannun totur, in babu shi kulocin ciki suna ƙonewa cikin ɗan lokaci. Wayoyin fulogi na 5 da na 7 kuma ka raba su, kada su kwanta jere a jikin juna, domin wutar 5 tana iya tsallakawa ta kunna 7 tun fistin yana hawa.